Yaro Zai Fara Makaranta Yana Ƙulafucin Uwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyayen Kano

Duk shekara idan makarantu suka koma zangon farko a watan Satumba, bakin get ɗin nazare a Kano, daga Gwale har Hotoro, yakan cika da koke-koke. Wani yaro ya ƙanƙame hijabin uwarsa, wani yana birgima a ƙasa da sabon yunifom, uwa kuma ta juya tana share nata hawayen. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi a kan wannan. Mun fi fuskantar uwa da magana saboda ita aka fi maƙalewa, amma amsoshin sun shafi uba da kaka da duk mai riƙon yaro. Inda muka ce yaro, har da yarinya.

Ɗana ya shekara uku, amma ko banɗaki na shiga sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka. Lafiya kuwa?

Lafiya lau. Jariri ɗan wata uku bai damu da wanda ya ɗauke shi ba. Daga wata 6 zuwa 8 ne yake fara gane cewa uwarsa mutum ce daban, tana iya tashi ta tafi, kuma daga nan ƙiwa take farawa. Ta fi tsanani tsakanin wata 10 zuwa 18, sannan ta yi ta raguwa zuwa shekara biyu ko uku. Sai dai takan dawo duk lokacin da aka samu babban sauyi: yaye, haihuwar ƙani, tashi daga gida, jinya, ko shiga makaranta.

Abin da ke wahalar da ɗan shekara uku shi ne lokaci. Bai san tsawon awa huɗu ba. Idan kin ajiye shi kin juya, ba shi da wata hujja a ransa cewa za ki dawo, sai abin da ya saba gani daga gare ki. Duk shirin da za mu faɗa a ƙasa, aikinsa ke nan: ya ga kin tafi, ya ga kin dawo a lokacin da kika ce, har abin ya zauna masa.

Surukata ta ce ni na sangarta shi da goyo da rarrashi. Gaskiya ne?

A'a. Shagwaɓa daban, ƙulafuci daban. Mai shagwaɓa yana kuka ne don a ba shi abin da aka hana shi, da ya samu sai ya yi shiru yana dariya. Mai ƙulafuci tsoro yake ji na gaske: zuciyarsa na bugawa, hannunsa ya yi sanyi, wani har amai yake yi. Mary Ainsworth, masaniyar halayyar yara da ta fara bincikenta a kan iyaye mata da jariransu a Yuganda a shekarun 1950, ta nuna cewa yaron da ake amsa kukansa ya fi sakin jiki ya rarrafa nesa da uwarsa ya yi wasa, don ya san inda zai dawo. Saboda haka goyo bai ɓata shi ba. Inda ake kuskure shi ne a hana kowa taɓa yaro har ya shekara uku bai taɓa wuni a hannun wani ba, sannan rana ɗaya a kai shi cikin baƙin fuskoki talatin.

Kada ki yi jayayya da Hajiya a kan wannan. Ki jawo ta cikin shirin, don hannunta ne wuri mafi sauƙi da zai fara koyon rabuwa da ke.

Shekara nawa ya kamata a sa yaro?

Aji ɗaya na firamare ɗan shekara shida ne ke shiga, kuma tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin nan. Nazare daga shekara uku zuwa biyar. Makarantun kuɗi da yawa suna karɓar 'yan shekara biyu, amma karɓarsu ba ya nufin dole ne. Idan akwai mai kula da shi a gida, ɗan shekara biyu bai yi asarar komai ba don ya ƙara shekara. Idan aiki ya tilasta, to a duba yawan masu reno a ajin kafin a duba kyan gini.

Alamun da suka fi shekaru muhimmanci: yana iya faɗar buƙatarsa (ruwa, fitsari, ciwo), yana iya ci da hannunsa, yana iya zama awa biyu a hannun wani babba da ya sani ba tare da ya fita hayyacinsa ba.

Saura wata ɗaya a koma. Da me zan fara?

Ki fara da gajerun rabuwa, ki riƙa ƙarawa. Makon farko ki bar shi wurin kaka, ko gwaggonsa, ko abokiyar zama idan akwai fahimta, na minti 15 zuwa 20. Ki durƙusa ki gaya masa: "Zan je kanti in sayo sabulu, ka zauna wurin Hajiya, yanzu zan dawo." Ki tafi ko yana kuka, ki dawo kan lokaci, ki ce: "Ka ga na dawo kamar yadda na ce." Wannan jimlar ta ƙarshe kada ki raina ta, ita ce darasin. Mako na biyu ki kai awa ɗaya. Na uku awa biyu zuwa uku, kuma a wani gida ba naku ba. Na huɗu ki kwatanta tsawon wunin makaranta, daga safe zuwa azahar, sau biyu ko uku. Idan wani mataki ya yi masa nauyi, ki koma na baya na kwana biyu sannan ki sake gwadawa.

Cikin wannan watan ku je makarantar tare aƙalla sau biyu. Yawancin makarantu ofishinsu a buɗe yake lokacin hutu saboda rajista. Ya gaisa da maigadi, ya ga ajinsa, ya hau lilo, ya shiga banɗakin ya ga yadda yake. Banɗaki yana cikin abubuwan da suka fi firgita yara: wanda ya saba da fo a gida, idan ya ga masai mai rami ko na zama mai ƙarar ruwa, sai ya riƙe fitsari har ya jiƙa wando, daga nan kunya ta sa ya tsani makarantar gaba ɗaya. Ki koya masa kama ruwa da ƙaramar buta da sauke wando da kansa. Idan za a ɗinka yunifom, a sa roba a ƙugu maimakon zif da maɓalli, takalmi kuma mai manne ba mai igiya ba. A kai wa tela da wuri, ya sa kayan a gida sau biyu-uku, don sabon yadi mai kaushi da takalmi mai cizo su ma suna sa kuka.

A gida ku yi wasan makaranta. Ke ce Anti, shi ne ɗalibi, sai ku juya: shi ne Umma ya kawo 'yartsana makaranta, ya yi mata sallama, ya tafi ɗaki, ya dawo ɗaukarta. Ki saurari abin da yake gaya wa 'yartsanar, a nan za ki ji ainihin abin da yake tsoro.

Abu ɗaya kuma da za a daina tun yau, a gaya wa yayyensa da 'yar aiki su ma: "Bari a kai ka makaranta Malam ya zane ka." Yaron da aka shekara ana razana shi da makaranta kamar yadda ake razana shi da allura, ba za a ce masa ranar Litinin wuri ne mai daɗi ya yarda ba.

Ba ya barci sai sha ɗaya na dare. Wannan na da alaƙa?

Sosai. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 na barci a kwana ɗaya, har da na rana. Idan za a tashe shi ƙarfe shida don a kauce wa cunkoson safe, to ya kamata ya kwanta wajen takwas, wato da an idar da sallar isha'i. Wanda ya kwanta sha ɗaya aka tashe shi shida, ko babba ne zai yi rigima. Ba a gyara wannan dare ɗaya. Ki riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana biyu, ki kuma riƙa tashinsa da wuri da safe, in ba haka ba barcin ba zai zo ba. A ɗauke waya da talabijin awa ɗaya kafin kwanciya, kada barcin rana ya wuce la'asar.

Yaya zan yi ranar farko?

Tun dare a haɗa jaka da kwandon abinci. Ya karya a gida, ko da koko da ƙosai ne ko shayi da burodi, don yaron da ke cikin damuwa sau da yawa ba ya taɓa abincinsa a makaranta. Ku isa da wuri, minti 15 kafin asambuli, lokacin da aji bai cika ba kuma Anti tana da hannun karɓarsa. Wanda aka kawo a makare, aka tura shi cikin aji ana tsakiyar waƙa kowa ya juyo yana kallonsa, shi ya fi shan wahala.

Sallamar kanta kada ta wuce minti biyu, kuma ta zama iri ɗaya kullum. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki rungume shi, ki tofa masa addu'a, ki faɗi lokacin dawowarki da abin da yake ganewa. "Ƙarfe sha biyu" ba ta da ma'ana a wurinsa. Ki ce: "Za ku yi waƙa, ku ci abincin tara, ku yi wasa, in an kaɗa ƙararrawa za ka gan ni a bakin get." Ki sa hannunsa cikin hannun Anti, ki ce sai an jima, ki juya ki tafi. Zai yi ihu, zai iya biyo ki, Anti za ta riƙe shi. Kada ki dawo. Abin kamar zare ƙaya ne daga ƙafa, jan sa a hankali ya fi ciwo. Duk dawowar da kika yi daga bakin ƙofa, kin koya masa cewa ƙarin kuka yana dawo da ke, gobe kuwa zai ƙara.

Fuskarki ma magana ce. Yara suna duban fuskar uwa su gane ko wuri na da haɗari. Idan bakinki na cewa babu komai idonki na kawo ruwa, idon zai gaskata. Ki riƙe har ki fita, in ya so ki yi kukanki a cikin adaidaita.

Lokacin tashi ki riga ƙararrawa isowa, musamman makon farko. Minti 20 da yaro zai yi yana kallon ana ɗaukar 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya shi ba a zo ba, yana iya rushe aikin wata guda. Wadda za ta ratso Kabuga ko Dangi ko Kurna da rana ta san yadda hanya take, sai ta fito da rarar lokaci.

Ba zai fi sauƙi in sulale ba idan hankalinsa ya tafi kan wasa?

Ya fi sauƙi gare ki, don ba za ki ji kukan ba. Shi kuwa zai waiwaya ya ga babu ke, ya yi kukan da ya fi na sallama tsawo, kuma ya koyi darasi mai muni: Umma tana iya ɓacewa duk lokacin da na ɗauke ido. Sakamakon yana bayyana a gida. Yaron da a da yake wasa a tsakar gida shi kaɗai sai ya koma bin ki kicin da banɗaki, ya riƙe zaninki ko barci yake, gobe kuma a makaranta ya ƙi taɓa kayan wasa don ya gane da su aka yaudare shi.

Haka ƙananan ƙaryar da muka ɗauka ba komai ba: "Bari in sayo maka alewa in dawo," "Ina nan a waje ina jiran ka," "Gidan Hajiya za mu je," sai ya ga get ɗin makaranta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi bn Amir ta kira shi yana yaro ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce mata da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Idan kin yi alkawarin alewa, ki zo da alewa. Idan ba za ki tsaya a waje ba, kada ki ce za ki tsaya.

In laɓe a taga in ga ko ya yi shiru?

A'a, zai hango ki, ko wani yaro ya nuna masa. Ki karɓi lambar Anti ko ta ofis, ki kira bayan minti 30 zuwa 40. Yawancin yara kan yi shiru cikin 'yan mintoci bayan uwa ta ɓace musu.

Kwana nawa zai yi yana wannan kukan?

Ga mafi yawan yara, daga 'yan kwanaki zuwa mako biyu ko uku. Kada ki auna da kukan bakin get, shi ne yaro yake dainawa a ƙarshe. Ki tambayi Anti abu uku: minti nawa yake yi kafin ya yi shiru, ya ci abincinsa, ya shiga wasa da yara? Idan mintocin suna raguwa kuma kwandon yana dawowa babu komai, ana samun nasara ko da har yanzu yana ihu da safe.

Akwai abubuwan da ke ruɗa iyaye. Wani yaron ranar farko da ta biyu da murnarsa yake shiga, sai ranar Laraba ya fara tirjiya, don sai a lokacin ya gane abin na kullum ne. Litinin kullum ta fi wuya. Bayan hutun Sallah ko jinya ana iya komawa baya na kwana biyu-uku. A zango na biyu kuma, sanyin hunturu da asuba kaɗai ya isa ya sa yaro ya ƙi fita daga bargo.

Idan babansa ya kai shi ba ya kuka sosai. Mu bar shi a haka?

Ku bar shi. Yara da yawa sun fi sauƙin rabuwa da uba, don sun saba ganin ya fita kasuwa ko ofis ya dawo. Sai ya zama kin yi taki sallamar a ƙofar gida. Malam, kai kuma ban da tsawa da "namiji ba ya kuka". Tsawa tana sa yaro ya haɗiye kukan, tsoron yana nan, ya fito ta ciwon ciki ko fitsarin kwance.

Idan ɗan adaidaita ko motar makaranta ce za ta riƙa ɗaukarsa, kada a fara da ita ranar farko. Mako ɗaya ko biyu wani na gida ya kai shi. Kafin nan ya san direban, babba ya raka su sau biyu, kuma a haɗa shi da yayansa ko ɗan maƙwabta da ya girme shi. A ba makaranta sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi a rubuce, a gaya wa yaron su waye. Makarantar da ke sakin yaro ga duk wanda ya ambaci sunansa, a sake tunani a kanta.

Me zan sa masa a jaka?

Wando da riga na canji a leda, gorar ruwa mai sauƙin buɗewa, da abincin da ya saba ci a gida: dankali da ƙwai, taliya, waina, ayaba, lemo da aka ɓare. Makon farko ba lokacin gwada sabon abinci ba ne. Ki sa ya gwada buɗe kular da kansa a gida, don yaro mai jin kunyar Anti zai wuni da yunwa bai ce a buɗe masa ba. Ban da gyaɗa, aya da alewa mai tauri ga 'yan ƙasa da shekara huɗu, suna shaƙe yara, balle mai ci yana shessheƙa.

Ki ba shi wani ƙaramin abu naki ya riƙe, kamar hankici ko tsohon ɗankwali mai ƙamshin turarenki, ki ce: "Ajiye mini wannan a aljihunka, in na zo ka ba ni." Yana jin ƙamshinki, kuma a lissafinsa dole ki dawo karɓar kayanki. Ki sanar da Anti don kada ta ƙwace. Kada ya zama abin wasa mai tsada da yara za su yi faɗa a kai.

Kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Ƙarya yake yi?

Yawanci ba ƙarya ba ce, damuwa tana murɗa ciki da gaske. Yadda za ki gane: ciwon damuwa yana zuwa da safen ranar makaranta, ya ɓace da an ce ya zauna a gida, ba ya zuwa Asabar da Lahadi, ba zazzaɓi, kuma yaron yana cin abinci yana wasa. Irin wannan a rarrashe shi a kai shi. Kowace ranar da ya zauna a gida saboda tsoro tana ƙara wa gobe wuya.

Amma Satumba da Oktoba ƙarshen damina ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a Kano. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. Idan ya kai 38, ko akwai amai, gudawa, kasala ko ƙin abinci, a je a yi gwaji, ba makaranta ba. Yaro mai sikila kuwa ba a ɗaukar ciwon cikinsa ko na gaɓoɓinsa a matsayin wayo ko kaɗan, kuma dole makaranta ta san da lalurarsa tun ranar rajista. Haka mai asma.

Ranar da ya zauna a gida don rashin lafiya, ta zama ranar hutawa a kwance, ba ranar katun da kayan daɗi ba.

Anti ta ce lafiya lau yake wuni, amma da ya dawo gida sai rigima, har ya koma fitsarin kwance.

Ya wuni yana daurewa a gaban baƙi, sai da ya ga wadda ya amince da ita ya sauke. Ki ba shi ruwa da abinci, ya yi barci, tambayoyi su biyo baya. "Me kuka yi yau?" ta yi masa faɗi, amsarta "ba komai". Ki ce: "Wa ya zauna kusa da kai?" ko "Wace waƙa kuka yi?" Ki ware masa minti 10 zuwa 15 kullum, ke da shi kawai, ba waya ba goyo.

Fitsarin kwance, tsotsar yatsa da maganar jarirai sukan dawo na 'yan makonni. A shimfiɗa leda, a sa shi fitsari kafin ya kwanta, a hana yayyensa yi masa waƙar tsokana. Duka ba ya tsayar da shi. Idan akwai zafi wajen fitsari, ko yawan shan ruwa da rama, wannan na asibiti ne.

Me zan tambayi makarantar kafin in biya kuɗi?

Yara nawa ne a ajin, manya nawa? Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 25 a nazare, kuma a ajin ƙanana ana buƙatar mai reno bayan malama. Me suke yi wa yaron da ke kuka? Idan amsar ita ce "muna kyale shi ya gaji" ko kika ga bulala a kan tebur, kin samu amsarki. Suna yarda a ɗauki sabon yaro da wuri a makon farko, misali ƙarfe goma, a riƙa ƙarawa? Wa ke raka yara banɗaki?

Sai batun harshe. Yaron da bai taɓa jin komai ba sai Hausa, aka kai shi inda aka hana yin ta, ya rasa uwa kuma ya rasa baki a rana ɗaya. Ki tabbatar akwai babba a ajin da zai saurare shi da Hausa idan yana jin fitsari ko ciwo. Turanci zai zo daga baya.

Na kusa haihuwa, kuma ban daɗe da yaye shi ba. In sa shi yanzu?

Kada a tara masa manyan sauye-sauye a wata ɗaya. Yaron da aka kai gidan kaka yaye, ya dawo ya tarar da jariri a cinyar uwarsa, mako na gaba aka kai shi makaranta, abin da zai fahimta shi ne an kore shi an kawo wani. Idan da hali, ya fara makaranta wata biyu kafin haihuwa, ko a jira wata biyu bayanta. Idan lokacin ya riga ya haɗu, mutum ɗaya tsayayye ya ɗauki nauyin kai shi da ɗauko shi, kuma kada a ce masa "tafi makaranta in samu in kula da ƙaninka".

Boko da Islamiyya, a fara su tare?

Gara a raba. A fara ɗaya, in ya zauna bayan wata guda a ƙara ɗayar. Ga yara da yawa Islamiyyar unguwa ta fi sauƙin farawa: kusa take, da Hausa ake magana, yana tafiya da yayyensa, zaman kuma gajere ne. Wanda ya saba da ita kafin Satumba ya riga ya koyi rabin darasin. Ɗan shekara uku da ya dawo boko da azahar yana buƙatar barci kafin a ce ya saka wani yunifom ɗin.

Akwai maganin da zan ba shi ya natsu?

Babu. Kada a ba yaro maganin mura ko na tari mai sa barci don ya yi shiru, ko a gida ko a makaranta. Yana da haɗari ga ƙananan yara, kuma wanda ya wuni a gyangyaɗi bai koyi sabawa da kowa ba. Addu'a kuwa a yi ta: Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, a tofa a shafa masa. In aka mayar da ita cikin sallamar kowace safiya, shi kansa zai riƙa miƙo kai.

Yaushe abin ya wuce na al'ada?

Idan an yi mako huɗu ana kai shi kullum babu sauƙi ko kaɗan: yana wuni yana kuka, ba ci ba wasa. Ko tsoron ya bazu har gida, ba ya yarda ya zauna a ɗaki shi kaɗai, yana yawan mafarkin an sace shi ko kin mutu, yana amai ko numfashinsa na sama-sama duk lokacin rabuwa. Ko ya kai shekara shida-bakwai abin na ƙaruwa. Ko yana surutu a gida amma ya wuce wata guda, bayan watan farko, bai furta kalma ɗaya a makaranta ba. A fara da likitan yara, kamar a Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko Asibitin Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A nemi a duba jinsa da ganinsa ma, don yaron da ba ya ji sosai aji yakan zame masa wurin ruɗani. Maganin irin wannan damuwa galibi zama ne da ƙwararre, a koya wa iyaye da yaro rabuwa mataki-mataki, kuma ya fi saurin aiki idan an zo da wuri.

Ya riga ya saba, wata biyu yana tafiya da murna, sai kwatsam ya ƙi. Shi ma ƙulafuci ne?

Wannan a bincika, kada a ɗauka tsohon abu ne ya dawo. A fara da gida: an yi rasuwa, tafiya, rikici tsakanin iyaye, ko uwa ta kwanta asibiti? In babu, a duba makaranta: an canza Anti, wani yaro na cin zalinsa ko ƙwace masa abinci, an dake shi, ko ya yi kashi a wando an yi masa dariya? Ki tambaye shi cikin natsuwa lokacin wanka ko kwanciya, kada ki sa masa amsa a baki da irin "Anti ce ta dake ka ko?" Ki ce: "Me ba ka so a makaranta?" ki yi shiru ki jira. Ki duba jikinsa. Ki je makarantar ba tare da sanarwa ba a tsakiyar wuni.

Idan tsoron na mutum ɗaya ne takamaimai, malami ko direba ko maigadi ko babban ɗalibi, ko kika ga rauni, ko yana kukan ciwo a gabansa ko bayansa, a nan shawarar "a daure a kai shi" ta faɗi. A dakatar da zuwa, a kai shi asibiti a ranar kafin a yi masa wanka ko a wanke kayan da ya sa, sannan a kai rahoto ga hukuma.